"Ai ba ma'aikacinmu ba ne": wa dokar diyyar rauni take kira ma'aikaci a Najeriya?

Idan inji ya cinye yatsun wani a masana'antar roba a Sharaɗa, ko lebura ya faɗo daga bene a wurin gini, amsar da danginsa suke ji daga bakin manaja ba ta cika wuce uku ba. Ko dai a ce ɗan kullum ne, ba a ɗauke shi aikin dindindin ba. Ko a ce ɗan kwangila ne ya kawo shi, a je can a neme shi. Ko kuma a ce yaro ne mai koyon aiki, ko albashi ba ya karɓa. Sai a biya kuɗin ɗinki da allura, a haɗa da ɗan abin da ake kira taimako, a ce Allah ya kiyaye gaba. Dangi su ce ƙaddara ce, su yi godiya, su tafi. Ƙaddara ce kam, babu mai musu, amma ƙaddara ba ta shafe haƙƙi, kuma duka amsoshin nan uku ba su da gindin zama a dokar da take aiki yau.

Dokar ita ce Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya rattaba wa hannu a watan Disambar shekarar, aka damƙa gudanar da ita a hannun hukumar asusun inshorar ma'aikata, wato NSITF. Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Duk wanda ya ɗauki mutane aiki zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya kowane wata a wani asusu guda. Daga aljihunsa kuɗin zai fito, domin dokar ta hana a zaftare ko sisi daga albashin ma'aikaci saboda wannan. In wani ya ji rauni, ko ya kamu da ciwo sanadiyyar aikin, ko ya rasu, asusun ne zai biya, kuma ba sai an tsaya binciken wa ya yi sakaci ba.

Wannan rashin neman mai laifi shi ne ya ɗora wa tambayarmu nauyi. A Ingila ta ƙarni na 19, wanda ya ji rauni a ma'aikata sai ya kai ƙara ya tabbatar da sakacin ubangidansa, shi kuma ubangidan yana da mafita iri-iri: abokin aikinsa ne ya jawo, ko shi ma da nasa gangancin, ko ai ya san aikin da haɗari ya yarda ya shiga. Jamus ce ta fara karya wannan a 1884, zamanin Bismarck, da inshorar haɗarin aiki. Ingila ta bi sahu a 1897, Turawan mulkin mallaka suka kawo irin dokar nan Najeriya a 1941, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta sake ta a 1987. Da zarar an toshe wa mai kamfani hanyar cewa "ba laifina ba ne", hanya ɗaya ce ta rage masa, wato ya ce mutumin ba nasa ba ne tun farko. Shi ya sa rigimar diyya a ko'ina cikin duniya ta koma rigimar wane ne ma'aikaci.

Dokar 1987 ta bar wannan hanya a buɗe sosai. Ta cire wanda ake ba kaya ya tafi gidansa ya yi aikin ya dawo da su. Ta cire ɗan uwan ubangida da yake zaune a gidansa. Ta cire masu aikin gona da na sana'ar hannu matuƙar ma'aikatan wanda ya ɗauke su ba su kai 10 ba, wanda a ƙasar Hausa daidai yake da cewa ta cire kusan kowa. Wanda ma ya samu shiga, dunƙule ɗaya ake ba shi a sallame shi: albashin wata 42 ga iyalin mamaci, wata 54 ga wanda ya nakasa gaba ɗaya.

Sashe na 73 na dokar 2010 ya zo da wata ma'ana dabam, kuma ya kamata a karanta shi a tsanake. Ya ce ma'aikaci shi ne duk mutumin da wani ya ɗauka aiki bisa yarjejeniya, ta baki ce ko ta rubutu, aikin na dindindin ne, ko na wasu sa'o'i, ko na wucin gadi, ko na koyon sana'a, ko na kullum-kullum. Ya haɗa da mai aikin gida wanda ba dangin maigidan ba ne. Ya haɗa da ma'aikatan gwamnatin tarayya da na jihohi da na ƙananan hukumomi da hukumominsu. Sannan ya rufe da cewa ya shafi ɓangaren da yake da rajista da ofis da takardu, da kuma ɓangaren da ba shi da ko ɗaya, wato kasuwa da gareji da tasha da gona. Shi kuma mai ɗaukar aiki, ba lallai sai kamfani ba. Mutum ɗaya tak ma yana iya zama.

Ke nan "yarjejeniya ta baki" ta kashe maganar takardar ɗaukar aiki. Idan oga ya ce "ka zo gobe ƙarfe bakwai, kullum dubu uku", kai kuma ka zo, an ƙulla. "Kullum-kullum" ya kashe maganar ɗan kullum. Wanda ya tsaya a ƙofar masana'anta da asuba aka nuna shi da yatsa aka ce ya shiga, daga lokacin da ya shiga ma'aikaci ne, ko da ranar ce ta farko kuma ta ƙarshe. "Koyon sana'a" ya shigo da yaron kanikawa da yaron walda da yaron kafinta. Babu inda aka ce sai ɗan ƙasa, saboda haka mai gadin da ya zo daga Tawa ko Damagaram yana ciki kamar kowa. Ban da dangin maigida masu aikin gida, mutanen da dokar ta ware da suna su ne sojoji kaɗai, na ƙasa da na ruwa da na sama, amma farar hular da yake aiki a bariki, kamar akawu ko mai shara, yana ciki.

Wani abin da yake rikita mutane, har da wasu masu ilimin boko, shi ne haɗa dokoki wuri ɗaya. Dokar Ƙwadago ta 1974 tana da tata ma'anar, wadda ta fi karkata ga masu aikin ƙarfi da akawuna, ta cire manajoji da ƙwararru irin su likita da injiniya. Dokar mafi ƙarancin albashi kuma, wadda ta kai shi naira 70,000 a 2024, ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma hau kan masu aikin kamasho ba. Sai mai gidan burodi ya ce ai yaransa takwas ne, dokar ma'aikata ba ta shafe shi ba. Waccan ce ba ta shafe shi ba. Dokar diyya ba ta sa adadi ba, ba ta kuma duba muƙami. Manajan banki da mai goge masa tebur matsayinsu ɗaya a wurinta, mai shayi da yaro ɗaya kuma mai ɗaukar aiki ne.

In haka ne, ina wahalar take? Tana cikin kalmomin farko na sashen: mutumin da wani ya ɗauka aiki. Ba duk wanda ya yi maka aiki ka biya shi ne ka ɗauka aiki ba. Telan da ya ɗinka maka riga ya yi maka aiki, amma in allurar keke ta huda masa yatsa ba za ka biya diyya ba.

Wannan rarrabewa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin ta a babin ijara. Akwai ajir khas, wanda ka sayi lokacinsa, yana ƙarƙashinka kai kaɗai na wani wa'adi, ladansa ya tabbata da zarar ya miƙa kansa ko da ba ka ba shi abin yi ba. Akwai kuma ajir mushtarak, kamar marini a Ƙofar Mata ko maƙeri ko tela, wanda yake karɓar aikin jama'a da yawa, ladansa kuma yana kan kammala aikin. Su malaman abin da ya fi damunsu shi ne wa zai yi lamuni in kaya suka lalace a hannun mai sana'a, ba raunin jikinsa ba, amma layin da suka ja kusan shi ne layin da kotunan zamani suke ja. Manomi ma ya san shi. Ya san bambancin ɗan ƙwadagon da ya ɗauka wuni, ya nuna masa kunyar da zai fara, ya kai masa fura da rana, da mai tarakta da suka yi jinga zai huɗe gonar da injinsa a lokacin da ya ga dama. Ya kuma san cewa gayya ba ta cikin ko ɗaya, don ba a yi cinikin lada ba.

Kotun Ƙoli ta Najeriya ta zayyana alamomin a 2008, a shari'ar kamfanin Shena Security da kamfanin Afropak. Ana duba yadda ake biya: albashi ne na rana ko mako ko wata, ko kuɗin jinga da kamasho? Ana duba mai kayan aiki: wa ya sayi injin, wa yake da motar? Ana duba ko mutumin yana da ikon turo wani a madadinsa, don ma'aikaci ba ya tura ƙaninsa ya yi masa aikin ba tare da izini ba, ɗan kwangila kuwa yana iya. Ana duba ko an yanka masa lokacin zuwa da tashi, da kuma ko a harabar wanda ya ba shi aikin yake yi. Babu alama ɗaya da take yanke hukunci ita kaɗai. Ana tara su ne a ga inda suka rinjaya, kuma a ƙarƙashinsu duka tambaya ɗaya ce: wannan mutumin kasuwancin kansa yake yi, riba tasa asara tasa, ko kuwa hannu ne a kasuwancin wani?

A gwada wannan ma'auni a kasuwar hatsi ta Dawanau. Ɗan dakon da yake zaune a inuwa yana jiran duk motar da ta tsaya, ya sauke wa wannan buhu ashirin, ya loda wa wancan talatin, kansa yake yi wa aiki. In buhu ya karya masa ƙugu, da wuya ya nuna mutum ɗaya ya ce shi ne ubangidansa. Amma ga wani ɗan dakon da yake manne da sito ɗaya shekara da shekaru, kullum da safe yana ƙofar, mai siton ne yake cewa a fitar da wannan a jera wancan, in ya tafi dakon wani ba da izini ba a yi masa faɗa. Shi ma da buhu ake lissafa masa, amma a ganina ma'aikaci ne, don biyan buhu-buhu hanyar lissafi ce kawai, ba ita take nuna wa yake da iko ba. Mutum biyu, aiki iri ɗaya, kasuwa ɗaya, hukunci biyu.

Haka abin yake a wurin gini. Birkilan da ya karɓi ginin katanga a kan jinga, ya zo da cebur da kwanonsa da yaransa, ɗan kwangila ne a wurin mai gidan. Amma yaran nan da ya zo da su, masu kwaɓa siminti da ɗaukar bulo, ma'aikata ne, kuma shi birkilan ne ubangidansu, ko da bai taɓa kallon kansa haka ba.

Harkar sufuri ta fi kowace sarƙaƙiya. Direban tirelar kamfani mai albashin wata da kuɗin hanya, babu tantama a kansa. Ɗan adaidaita sahu mai biyan balas fa? A nan kuɗin ba daga mai mashin yake zuwa ga direba ba, daga direba yake zuwa ga mai mashin. In gari ya yi kyau ribar ta direba ce, in aka wuni ana ruwa asarar tasa ce, balas dai sai ya cika. Mashin ɗin ba nasa ba ne, wannan alama ce ta ma'aikaci, amma sauran alamomin sun fi kama da haya. Wanda yake biya mako-mako har mashin ya zama nasa kuwa mai saye ne da bashi, ya ƙara nisa da ma'anar. Sai dai in mai mashin ne yake yanka masa hanyar da zai bi da lokacin fita da na ajiyewa, yana kuma iya ƙwacewa duk ranar da ya so, to ma'aunin ya fara komawa ɗaya gefen.

Wanda ya fi ba ni tausayi a wannan layi shi ne yaron mota. Shi ne yake hawa saman kaya ya ɗaure tamfol, shi yake shiga ƙarƙashin mota, shi yake sa waigi a kan gangara. Direba ne ya ɗauko shi, daga kuɗin hanya yake ba shi na abinci, sunansa ba ya cikin kowane littafi na kamfani. Amma kamfanin ya san babu tirelar da take tashi daga Legas zuwa Maiduguri da direba shi kaɗai, kuma da yaron a rai aka yanka kuɗin hanyar. Kamfanin da yake cin moriyar aikin mutum da saninsa, bai kamata rashin rubuta sunansa ya zama kariya gare shi ba.

Direbobin manhajar waya su ne sabon salo na tsohuwar rigima. A watan Fabrairun 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa direbobin Uber ba 'yan kasuwa masu zaman kansu ba ne, domin kamfanin ne yake yanka kuɗin tafiya, shi yake rubuta sharuɗɗa, shi yake hukunta wanda ya cika ƙin karɓar fasinja. Waccan shari'ar ta albashi da hutu ce, ba ta rauni ba, kuma dokar can tana da wani rukuni na tsakiya, tsakanin ma'aikaci da mai zaman kansa, da tamu ba ta da shi. A nan gida wasu direbobi sun kai Uber da Taxify, wanda ya koma Bolt, gaban Kotun Ma'aikata ta Ƙasa a Legas, kotun ta kori ƙarar a 2018 saboda ba su kawo isassun hujjoji ba. Ba ta ce har abada su ba ma'aikata ba ne. Ta ce ba su tabbatar ba.

Sai maganar "ɗan kwangila ne ya kawo shi". Bankuna da kamfanonin sadarwa da manyan masana'antu sun daɗe da komawa wannan tsari: mai gadi da mai shara da direba, har da wadda take zaune a kanta tana ƙirga kuɗi, duk wani ƙaramin kamfani ne ya ɗauke su ya turo. Mutum yana sanye da rigar wani, yana karɓar umarni daga wani, albashinsa yana fitowa daga wani. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, irin wannan mutumin ma'aikaci ne ko ta yaya aka juya, gardamar kawai ta wane ne ubangidan ce. Dokar 2010 kuma ta hango wannan, ta ce idan wani ya ɗauko ɗan kwangila ya yi masa aiki a wurin aikinsa, su biyun ne kuɗin asusun yake kansu, hukuma tana iya bin duk wanda ta ga dama a cikinsu. Ita ma Kotun Ma'aikata, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin shari'un ƙwadago ita kaɗai, tana aiki da ƙa'idar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a shawararta mai lamba 198 a 2006, cewa abin da yake faruwa a zahiri ya fi sunan da aka rubuta a takarda. In an rubuta "ɗan kwangila mai zaman kansa" alhali mutum yana sa hannu a rajista kowace safiya yana neman izini kafin ya je jana'iza, kotu rajistar za ta duba.

Yanzu mu shiga gida, inda maganar take da ɗaci. 'Yar aikin da ruwan zafi ya ƙona, mai gadin da ɓarayi suka sara, direban da yake kai yara makaranta, kuku, mai ban ruwan fulawa, duk dokar ta san da su, kuma maigida ko uwargida su ne masu ɗaukar aiki. Gidaje nawa ne a Kano ko Kaduna ko Abuja suka san haka? Kuma yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye ta hannun wata dillaliya, ana aika kuɗin aikinta ga iyayenta duk wata, rashin shigar kuɗin hannunta bai sa ta daina zama mai aiki ba. In ma shekarunta ba su kai na aiki ba, wannan laifi ne a kan wanda ya ɗauke ta, bai kamata ya koma hujjar hana ta magani ba.

Togaciyar da dokar ta yi ita ce mai aikin gidan kada ya zama dangin maigida. A nan ne al'adarmu ta riƙo take shigowa. 'Yar ƙanwar uwargida da aka kawo riƙo, tana wanke-wanke da shara da raino fiye da kowace 'yar aiki, ba ta ciki. Ana iya fahimtar dalilin, don doka ba ta son mayar da zumunci ciniki. Amma kowa ya san gidajen da riƙon suna ne kawai. A lura kuma, togaciyar a kan aikin gida take. Ɗan yayanka da yake tsare maka shago a Kantin Kwari kana biyansa duk wata, kasancewarsa ɗan uwa bai fitar da shi ba, sai dai tabbatar da cewa akwai yarjejeniyar aiki tsakanin dangi yana da wuya, don kowa zai ce taimakon juna ne. Yaron shagon da ba ya karɓar albashi, yana hidima shekaru da fatan ranar da za a sallame shi da jari, ya fi kusa da mai koyon sana'a, shi kuwa dokar ta ambace shi da baki. Almajirin da yake wanki da ɗebo ruwa a gida ana ba shi abinci da ɗan canji yana kan iyaka: in zuwansa kullum ne, aikinsa sananne, ladansa sananne, kiran abin sadaka ba ya canza kamanninsa.

Zama ma'aikaci ƙofar farko ce. Ta biyu ita ce raunin ya kasance ya faru saboda aikin ko a cikinsa, kuma nan ma dokar ta yalwata. Haɗarin hanya tsakanin wurin aiki da gida yana ciki, haka tsakanin wurin aiki da inda mutum ya saba cin abinci ko karɓar albashi, in dai ubangidan ya san da wurin tun kafin. Wanda aka aika wani gari yana ciki. Ciwon da yake taruwa a hankali yana ciki, kamar na huhu ga mai shaƙar ƙurar dutse ko auduga, da na fata ga masu aiki da sinadarai a majema, da kurumcewa saboda ƙarar inji, har da taɓuwar hankali da wani mummunan abu a wurin aiki ya haddasa. Wanda ya nakasa gaba ɗaya yana da kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Matar mamaci mai 'ya'ya biyu ko fiye ita ma kashi 90, mai ɗa ɗaya kashi 85, yaran kuma ana lissafa su har su kai shekara 21 ko su gama digirin farko, duk wanda ya riga zuwa. Ba rabon gado ba ne. Waɗanda suke ci daga albashin mamacin ake dubawa.

Akwai wa'adi, kuma a nan mutanenmu suke yawan faɗuwa. Ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da ubangida cikin kwana 14. Ubangidan ya kai rahoto ga hukuma cikin kwana 7. A shigar da takardar neman diyya cikin shekara 1, sai in akwai uzuri na musamman, wanda zai iya kai ta shekara 3. Kunya da kawaici da jiran "Alhaji ya ce zai duba" suna cinye shekara ba a ankara ba. Takardar sulhun da ake sa mutum ya dangwala wa hannu a gadon asibiti cewa ya karɓi kaza ya yafe sauran kuwa, dokar ta ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya sarayar da diyyarsa a cikinta ɓatacciya ce. Wanda hukuma ta hana shi yana da kwana 180 ya nemi ta sake dubawa, daga nan sai Kotun Ma'aikata, wadda take da rassa a Kano da Kaduna da Jos da Sakkwato.

Duk wannan a rubuce ne. A aikace, neman diyya ta hannun ubangida yake bi, da rahotonsa da lambar rajistarsa, kuma mafi yawan masu shago da gareji da gidan burodi da ƙananan masana'antu ba su taɓa yin rajista ba. Ba su kaɗai ba: shekaru da dama NSITF tana kokawa cewa yawancin gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi ba sa zuba nasu kason, alhali su ne manyan masu ɗaukar aiki a Arewa. Sashen da ya ba ma'aikaci haƙƙin diyya bai ce sai ubangidansa ya biya ba, rashin biyan laifin ubangidan ne, amma wanda ubangidansa ba ya cikin littafin hukuma zai sha doguwar tafiya, sau da yawa sai ta kotu. A can kuma abin da ya kayar da direbobin Legas shi zai tarar, wato hujja. Saƙon banki da yake shigowa ranar da aka saba daga asusu ɗaya, katin shaida, rigar aiki, saƙon WhatsApp da oga ya ce a zo da wuri, katin asibiti da sunan wanda ya kawo shi ya biya, abokan aiki biyu da za su yarda su yi magana. Na ƙarshen nan ya fi wuya, don mai shaidar yana son ya koma aiki gobe. Biyan albashi ta waya da ya yaɗu a 'yan shekarun nan ya yi wa leburori wani amfani da ba a yi niyya ba, ya bar musu sawun da kuɗin hannu ba ya bari.

Akwai kuma waɗanda ko an yi rajistar duniya ba za ta kai gare su ba. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 'yan shekarun nan sun nuna cewa masu aikin albashi ba su kai kashi 20 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba. Sauran kansu suke yi wa aiki. Manomi a gonarsa, mai faskare, mai gyaran taya, ɗan acaɓa da mashin ɗinsa, mai haƙar rijiya, mai turin ruwa a kura. Su ne suka fi kusa da haɗari, kuma tsarin da aka gina a kan kashi 1 na albashin da ubangida yake biya ba shi da inda zai kama su, tunda babu ubangida babu albashi. Faɗaɗa ma'anar ma'aikaci ba zai warware wannan ba, an riga an faɗaɗa ta iya faɗaɗawa. Abin da zai kai gare su shi ne a buɗe musu hanyar zuba ɗan abu da kansu, ta hannun ƙungiyoyin da dama suke karɓar kuɗin tikiti daga gare su kowace rana a tasha da kasuwa, a kuma yanka diyyar bisa wani adadi da aka amince da shi a matsayin abin da mai sana'ar yake samu a wata.